Bolin na kan tebur: lissafin da ya kamata kafinta ya yi kafin ya ɗauki zarto

Wasan bolin na ainihi yana buƙatar zaure mai tsawon fiye da mita 20, da wutar lantarki, da injin da ke tayar da abin da aka kayar. Amma ana iya ƙanƙantar da shi har ya hau tebur, kuma kayan aikin ba su fi ƙarfin kafintocin Damagaram ba. Abin da ke bambanta teburin da za a yi ta layi a kansa da wanda za a jingine a bango bayan mako guda shi ne awo. Ga yadda lissafin yake.

Wasan da ke da gurbi a unguwa

Daga Birni zuwa Zango, daga Sabon Gari zuwa Kara-Kara, ƙananan wasanni ba baƙi ba ne a birnin Zinder. Dattawa suna haƙa gurabun dara talatin a cikin rairayi, kowa da ƴaƴansa goma sha biyu. Samari a fada suna buga karta ko lido kafin shayi ya nuna. Ma'aikata suna jefa ƙwallayen petank da yamma. Yara kuwa suna kewaye teburin bebi-fut da ƴan kuɗinsu a hannu, mai teburin kuma yana samun na cefane.

Bebi-fut filin ƙwallon ƙafa ne da aka matse cikin akwati. Haka ma ake yi wa bolin. Tushen wasan kuwa duk yaron da ya taɓa jera gwangwanaye ya koma baya ya jefe su ya san shi: a tsayar da abubuwa, a gangaro da ƙwallo, a ƙirga abin da ya faɗi. Abubuwan da ake kayarwa Faransawa na kiransu quilles. Da yake sun yi kama da ƴar ƙaramar taɓarya, taɓare za mu kira su a nan.

Awon babban wasa

Kafin a rage abu sai an san girmansa. A bolin mai taɓare goma, wanda ƙungiyar American Bowling Congress ta daidaita dokokinsa bayan kafa ta a New York a 1895, daga layin da mai wasa ke sakin ƙwallo zuwa taɓarya ta farko mita 18,29 ne. Faɗin hanyar kuwa mita ɗaya da santimita 5. Kowace taɓarya tana da tsawon santimita 38, faɗin cikinta santimita 12, gindinta kimanin santimita 5, nauyinta kilo ɗaya da rabi da ɗan ɗoriya. Ana jera su a siffa mai kusurwa uku: ɗaya a gaba, biyu a bayanta, sai uku, sai huɗu, tsakanin kowace da maƙwabciyarta santimita 30 da rabi idan an auna daga tsakiya zuwa tsakiya. Ƙwallon yana da faɗin santimita 21 da rabi, kuma doka ba ta yarda ya wuce kilo 7,26 ba.

Waɗannan alƙaluma suna ɓoye dabaru uku, kuma su ne ran wasan.

Ta farko, ratar da ke tsakanin cikin taɓarya da cikin maƙwabciyarta santimita 18 da rabi ce, ƙwallon kuma ya fi ta faɗi. Ke nan ba zai iya ratsawa tsakanin biyu ba tare da ya taɓa su ba.

Ta biyu, tsakiyar ƙwallon tana daidai da wurin da taɓarya ta fi kauri, kimanin santimita 11 daga ƙasa. Duka a ciki yake sauka, shi ya sa taɓaryar ke tafiya a kwance ta share ƴan uwanta.

Ta uku, ƙwallo mafi nauyi ya ninka taɓarya sau huɗu da rabi ko fiye kaɗan. Nauyin ya isa ya kutsa cikin jerin, amma bai kai yadda taɓare ba za su iya karkatar da shi ba. A jifa mafi kyau, taɓare huɗu kawai ƙwallon ke taɓawa da kansa. Sauran shida ƴan uwansu ne ke kayar da su.

Ƙanƙantawa ta girmi injin

Tunanin maida wasan ƙarami ya daɗe. A 1895, wani Bature mai binciken kayan tarihi, Flinders Petrie, ya tono kabarin wani yaro a Naqada da ke kudancin Masar. A ciki ya sami ƴan duwatsu tara da aka sassaƙa kamar ƙananan tuluna, da ƴan ƙwallayen dutse, da guntaye uku da za a iya haɗawa su zama ƙofa. Petrie ya fassara su a matsayin wasan kayar da taɓare, inda ake bi da ƙwallo ta cikin ƙofar. Kayan sun haura shekara 5000.

A Faransa, cikin ƙarni na 18, an ɗora wasan a kan tebur mai ɗan gangare ana tura ƙwallo da sanda. Ya samo sunansa, bagatelle, daga gidan shaƙatawa na ƙanen Sarki Louis na 16, wanda aka gina a 1777 a gefen Paris. A wannan tebur an kafe taɓaren da ƙusa, ƙwallo na bugunsu yana neman rami. Daga nan wasan ya tsallaka Amurka, inda Montague Redgrave ya yi rajistar na'urar harba ƙwallo mai sifirin a 1871, kuma shi ne kakan injin da Faransawa ke kira flipper.

A Ingila wata hanya aka bi. Ana jera taɓare tara a kan ɗan dandamali, a kafa doguwar sanda a gefe, a rataye ƙwallon katako da sarƙa. Mai wasa yana wurga ƙwallon ya kewayo sandar ya daki taɓaren a hanyarsa ta dawowa. Ƙwallo ba ya ɓata, kuma ba a buƙatar doguwar hanya.

Kowace daga cikin hanyoyin nan amsa ce ga tambayoyi iri ɗaya: yaya za a saki ƙwallo, yaya za a tayar da abin da ya faɗi, yaya za a hana wasan yin sauƙi fiye da kima.

Dalilin da ya sa raba komai da goma ba ya aiki

Abin da zai fara zuwa zuciyar mai ƙira shi ne ya raba kowane awo da goma. Hanya za ta zama mita 1,83, faɗi santimita 10 da rabi, taɓarya santimita 3,8, ƙwallo santimita 2,2. A takarda komai ya yi daidai. A kan tebur kuwa za a gamu da matsala.

Tun 1638 masanin nan na Italiya, Galileo, ya bayyana dalili. Idan aka rage tsawo da faɗi da kaurin abu sau goma, nauyinsa ba sau goma yake raguwa ba, sau dubu ne: goma sau goma sau goma. Taɓarya mai kilo ɗaya da rabi ta koma giram ɗaya da rabi ke nan. Fuskar da iska ke bugawa kuwa sau ɗari kawai ta ragu. Saboda haka iska ta fi ƙarfin ƙaramar taɓarya sau goma idan aka kwatanta da babba. Fanka, ko iskar hunturu, ko tarin mai kallo ya isa ya zubar da jerin.

Ƙura ma haka take. Tsakuwar rairayi da ƙwallo mai kilo bakwai zai taka bai sani ba, ga ƙwallo mai giram bakwai dutse ce a kan hanya. A garin da hazo ke rufewa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Akwai kuma batun gudu. Ƙaramin abu ya fi babba saurin faɗuwa ƙasa, don tafiyar da zai yi gajeriya ce. Idan ana son ƙaramin wasa ya yi kama da babba a ido, sai an rage gudun ƙwallo: a tebur mai kashi ɗaya cikin tara na girman ainihi, gudun da ya dace kashi ɗaya cikin uku ne. Idan aka wuce haka, taɓare tsalle suke yi su bar teburin maimakon su kwanta su kayar da juna.

Abin da za a kiyaye ke nan shi ne dangantakar da ke tsakanin sassan. Wasu awon za a riƙe su daram, wasu kuma dole a saɓa musu da gangan.

A fara da ƙwallo

Kafinta zai iya yanka katako yadda ya ga dama, amma ƙwallo mai cikakkiyar mulmula ya fi ƙarfin zarto. Don haka ƙwallo ake fara nema, sannan a fitar da sauran awo daga faɗinsa. Idan aka bi babban wasa, ga ƙa'idar: tsawon taɓarya faɗin ƙwallo sau ɗaya da kashi uku cikin huɗu, kaurin cikinta rabin faɗin ƙwallo da ɗan ƙari, tazara tsakanin taɓare faɗin ƙwallo sau 1,4, faɗin hanya kuwa faɗin ƙwallo sau biyar.

Ƙwallon da ya fi sauƙin samu shi ne na gilas da yara ke kira bil, wanda za a iya nema wajen ƴan koli a kasuwar Dole. Ƙaramin, mai santimita 1,6, ya yi kaɗan, don taɓarensa ba za su kai santimita 3 ba. Babban, mai santimita 2,5, nauyinsa kusan giram 20 ne, kuma shi ya fi dacewa. Da shi lissafin zai ba da taɓarya mai tsawon santimita 4,4 da kaurin 1,4, tazara santimita 3,5, faɗin hanya santimita 12 zuwa 13. Nauyin kowace taɓarya ya kamata ya tsaya tsakanin giram 4 da 5.

Wani zai ce ƙwallon ƙarfe na cikin boris, wanda ake samu wajen makanikai, ya fi mulmula. Gaskiya ne, sai dai ƙarfe ya ninka gilas nauyi sau uku. Mai santimita 2,5 yana kai giram 64. Zai ratsa taɓaren katako kamar ba sa nan, ya bar waɗanda ke gefe a tsaye. Wanda ya zaɓe shi sai ya ƙara wa taɓarensa nauyi zuwa giram 15, misali ta hanyar sa wa maƙeri ya yi su da sanholo.

Ba sai an je wajen maƙerin azurfa neman sikeli ba. A ɗora rula a kan fensir daidai tsakiyarta, a sa marfin kwalba a kowane ƙarshe, a ajiye ƙwallo a ɗaya, taɓare huɗu a ɗayan. Idan rular ta kusa daidaita, nauyin ya yi. Kafin a saya kuma, a gangara bil ɗin a kan madubi: wanda ke rawa ko yake da tsaguwa a bar shi.

Taɓarya: gindi ne ke yanke hukunci

Abu yana faɗuwa ne idan tsakiyar nauyinsa ta leƙa waje da gindinsa. Babbar taɓarya tana da tsakiyar nauyi kimanin santimita 15 daga ƙasa a kan gindi mai santimita 5, saboda haka idan ta karkata da kusan digiri 10 ba ta dawowa.

Wanda ba shi da injin mulmula katako zai yanka sanda miƙaƙƙiya gunduwa-gunduwa, kuma wannan ya wadatar. Gunduwa mai santimita 4,4 da kaurin 1,4 daga itace mai tauri tana kai kusan giram 5, wato nauyin da ake nema. Amma gindinta ya yi faɗi: sai ta karkata fiye da digiri 17 kafin ta faɗi, don haka za ta riƙa zamewa a tsaye. Maganin shi ne a goge gefen gindin ya koma santimita ɗaya. Kusurwar faɗuwa za ta sauko kusa da digiri 13, wanda ya dace da tebur: tana faɗuwa idan an buge ta, tana jure iska kaɗan. Nan ne ɗaya daga wuraren da ake saɓa wa babban awo da gangan.

Dukkan goman su fito daga sanda guda, busasshiya, don nauyinsu ya zo ɗaya. Aduwa, wadda ake sassaƙa allo da ƙota da ita, tana da tauri kuma ba ta saurin tsagewa. Kirya, itacen turmi, ta fi ta nauyi. Guntayen da masassaƙa ke zubarwa sun isa aikin, don taɓare goma ba su kai tsawon rabin mita ba. Babu dalilin sare itace saboda wasa a ƙasar da tarihin baka ke cewa Sarki Tanimun ya kafa hukunci mai tsanani a kan saran gawo, kuma manoman Magaria da Matameye da Mirriah suka shafe shekaru suna raya itatuwa a gonakinsu.

Ƙasan gindi kada a shafa masa fenti. Fenti yana yin danƙo da zafin bazara, taɓarya ta manne.

Hanya: tsawo, daidaito da damina

Idan aka bi babban awo, hanyar bil mai santimita 2,5 za ta wuce mita 2. Wannan ya yi wa ɗaki ko rumfa yawa, kuma ɗaukarsa a kan babur wahala ne. Mita 1,20 zuwa 1,50 ya fi dacewa. Sai dai gajarta hanya tana sauƙaƙa wasan. A babban zaure, kuskuren digiri ɗaya a hannun mai jifa yana kauce da ƙwallo santimita 32 kafin ya isa, wato faɗin ƙwallo ɗaya da rabi. A hanya mai mita 1,20 kuskuren santimita 2 ne kawai, bai kai faɗin bil ɗaya ba. Mai ƙira ya san da wannan, don a wajen sakin ƙwallo zai mayar da wahalar da ya rage.

A gefe biyu na hanyar ana barin magudana mai faɗin santimita 3, inda ƙwallon da ya kauce ke faɗawa. Idan aka ba su ɗan gangare zuwa wajen mai wasa, su ne za su riƙa dawo masa da ƙwallo. A ƙarshen hanya, bayan jere na huɗu, a yi ɗan rami da labule mai shanye ƙarfin bugu. Guntun fatar da dukawa suka rage ya fi kwali ko leda daɗewa. Bangon da ke gefen taɓare shi ma yana cikin wasan, don taɓaryar da ta daki bango takan dawo ta kayar da wata. Idan ya matso sosai maki zai yi yawa.

Katakon hanya shi ne inda yanayin Damagaram ke gwada kafinta. Falange guda yana shan laima daga Yuni zuwa Satumba ya kumbura, ya bushe da rani ya lanƙwashe, kuma lanƙwasar milimita biyu ta isa ta sa ƙwallo ya riƙa bin gefe guda kullum. Fallen katako na kamfani, mai shafuka da aka manne a gicciye, ya fi jurewa, musamman idan an ɗaure shi da ginshiƙai biyu ta ƙasa an kuma shafe dukkan fuskokinsa, har da ta ciki. Fomika a sama tana ba da santsi kuma tsumma ɗaya ya isa ya share ƙura. A manyan zauruka ana shafa mai a kashi biyu cikin uku na hanyar. A tebur kada a gwada, don mai da ƙura idan suka haɗu laka suke zama.

Ƙasar tsakar gida ko ta bakin titi ba ta taɓa zama daidai ba. A sa wa kowace ƙafa ƙusa mai zare da za a iya murɗawa sama ko ƙasa. Gwajin kuwa mai sauƙi ne: a ajiye bil a wurare uku a kan hanyar, idan ya zauna bai motsa ba an dace. Kofin shayi cike da ruwa ma yana nuna gefen da ya sauka.

Zana wuraren taɓare ba ya buƙatar injiniya. A zana siffa mai kusurwa uku da kowane gefe santimita 10 da rabi, a sa alama duk bayan santimita 3,5. Za a sami ɗigo tara a kewaye, na goma kuma a tsakiya.

Yadda ake sakin ƙwallo

Hanya mafi araha ita ce bugu da yatsa, kamar yadda yara ke wasan bil. Aibinta shi ne babba ya fi yaro ƙarfi, kuma mai zafin hannu yana watsa taɓare har waje.

Wadda ta fi ita ce ɗan indararo, irin na soron Birni amma mai tsawon tafin hannu, wanda ake ɗora ƙwallo a samansa a sake shi. Tsayinsa ne ke ƙayyade gudu: daga santimita 15, bil yana sauka da gudun kusan mita ɗaya da rabi a daƙiƙa, kuma wannan ya isa ga taɓare masu giram 5. Kowa gudu ɗaya yake samu, gwaninta ta koma ga ido. Yaro da kakansa, mace da namiji, mai ƙafa da gurgu duk suna iya karawa. Shi ma petank haka ya samo asali a La Ciotat a 1907, lokacin da aka sauya dokar tsohon wasa saboda wani ɗan wasa, Jules Lenoir, da ciwon gaɓoɓi ya hana shi gudu.

Sai dai indararon da aka kafe wuri guda yana kashe wasan, don duk wanda ya gano saitin zai riƙa maimaita shi har abada. Ya zama yana juyawa dama da hagu, yana kuma zamewa a faɗin hanya, babu layi ko lamba da za ta taimaka wa ido, kuma doka ta ce a mayar da shi gefe bayan kowace jifa. Wurin da ake nema ba goshin taɓarya ta farko ba ne. Wanda ya daki goshin yakan tsaga jerin ya bar biyu a kusurwoyi, nesa da juna. Ana neman tsakanin ta farko da wadda ke bayanta, a shigo da ɗan karkace.

Tayar da taɓare: inda riba take

Kafin injin tayar da taɓare ya bazu a Amurka a shekarun 1950, yara ake ɗauka aiki su zauna a ƙarshen hanya suna jerawa. A tebur, mai wasa ne ke wannan aikin, kuma a nan yawancin ƙananan wasannin ke gundurar mutane.

Lissafin a fili yake. Mutum biyu, zagaye goma kowanne, jerawa ashirin ke nan. Idan kowace tana cin daƙiƙa 40, minti 13 sun tafi a jerawa kawai. Idan tana cin daƙiƙa 5, ba a kai minti 2 ba. Ga mai teburin da ke karɓar, a ce, dala biyar a kowane wasa, wannan bambanci shi ne yawan wasannin da zai sayar tsakanin la'asar da magariba.

Dabara ta farko ita ce faifan katako mai huda goma daidai da zanen: a ajiye shi, a zura taɓare, a ɗaga a hankali. Ta biyu ita ce zare. Ana ɗaura siririn zare a kan kowace taɓarya, a bi da shi ta hudar wani rufi da ke samansu, a haɗa duka goman a sanda guda. Idan aka ja sandar taɓare su tashi su rataya, idan aka sake ta su sauka a wurarensu. Zaren ya zama mara nauyi, da sassauci isasshe yadda ba zai riƙe taɓarya daga faɗuwa ba. Wannan ba dabarar talaka ba ce kawai: manyan zauruka da yawa sun koma injin zare saboda arha, har hukumar bolin ta Amurka ta amince da shi a gasa daga 2023. Zare kuma yana hana taɓare ɓacewa cikin rairayi ko aljihun yara.

Maki da gwaji

A dokar ainihi kowa yana da zagaye goma, jifa biyu a kowanne. Wanda ya share goman a jifa ta farko yana samun 10 tare da makin jifa biyu masu zuwa. Wanda ya share su a jifa biyu yana samun 10 tare da makin jifa ɗaya mai zuwa. Mafi girman maki 300 ne, wato sharewa goma sha biyu a jere. Malamin firamare zai ga darasin tarawa a nan. Don bakin titi ana iya taƙaitawa zuwa zagaye biyar, a rubuta dokar a jikin teburin tun kafin gardama ta taso.

Sai an gwada akan san na ƙwarai. Kafin a yi fenti, a kira mutane uku ko huɗu da ba su taɓa wasan ba, kowa ya yi jifa ashirin, a rubuta sakamako. Idan baƙo yana share goman kusan kowace jifa, a faɗaɗa tazara da milimita biyu ko a rage tsayin indararo. Idan babu wanda ya share ko sau ɗaya, a ƙara goge gindin taɓare. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi aiki ba.

Abubuwa biyu da ba na wasa ba

Na farko lafiyar yara. A Turai da Amurka ana gwada kayan wasa da wani bututu mai faɗin milimita 31,7: duk abin da ya shige cikinsa an hana ba yaron da bai kai shekara uku ba, don yana iya maƙale masa a wuya. Bil da taɓaren wannan tebur duk suna shigewa. A gidan da ke da mai rarrafe, a ajiye su a akwati mai murfi, a ƙirga su bayan kowane wasa. A rufe wajen taɓare da raga saboda idon masu kallo, a goge kaifin katako, a nutsar da kan ƙusoshi. Fentin mota ko na ƙofar ƙarfe na iya ƙunsar dalma, wadda ke lalata ƙwaƙwalwar yara. Fentin ruwa ya fi aminci.

Na biyu caca. Tarihin wasan nan cike yake da ita. A 1841 jihar Connecticut ta Amurka ta haramta wuraren wasan taɓare tara saboda caca, birnin New York kuma ya hana injin flipper daga 1942 har 1976 bisa wannan dalili. Kuɗin hayar tebur daban, zuba kuɗi wanda ya ci ya kwashe daban, kuma na biyun addini ya hana, iyaye ma ba za su lamunta ba. Mai teburin da ya kawar da kai ya bar yara suna yi, ranar da mai unguwa zai aiko a ɗauke teburin tana nan tafe.

Garin da maƙeransa suka zuba igwa a zamanin Tanimun, dukawansa kuma suka yi suna har ƙetare, ba zai rasa hannun da zai yi wannan aiki ba. Fallen katako ɗaya, guntun fomika, sandar aduwa, bil biyu, zare da ƴar fata su ne kayan. Ga almajirin kafinta ko ɗalibin cibiyar koyon sana'a, aiki ne da ke koyar da awo da daidaito a kan kayan da ba su da tsada idan an ɓata. Wanda zai fara, ya fara da kwali da guntayen sanda a ƙasan shago, ya tabbatar da tazara da nauyi, sannan ya yanka katakon da ya saya da kuɗinsa.